Ejan ya ce inshorar za ta gyara motata, kamfani ya ce a'a

Tambaya: Barista, na biya ejan naira 15,000 na inshorar mota, ya ce min duk abin da ya samu motar kamfani zai gyara. Na bugi wata mota a hanyar Zariya, yanzu kamfanin ya ce gyaran tawa ba ruwansa. Zan iya maka su a kotu?

Amsa: Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ban ga takardarka ba, amma kuɗin da ka ambata ya nuna kusan tabbas inshorar ɓangare na uku ka saya. Ita ce hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Aikinta biyan wanda KA yi wa ɓarna: dukiyarsa har zuwa naira miliyan 3, da rauni ko rasa rai. Motarka ba ta ciki. Inshorar da ke gyara motar mai ita ana kiranta cikakkiyar inshora, kuɗinta kuma ana lissafa shi ne bisa darajar motar.

Kana ganin maganar ejan ta ɗaure kamfani. Ba lallai ba. Galibi kotu abin da ke rubuce take bi, kuma za a tambaye ka yadda ka yi tsammanin 15,000 za ta ɗauki nauyin motar miliyoyi. Akwai ejan da yawa da ba su taɓa karanta abin da suke sayarwa ba, kamashonsu kawai suka sani, amma jahilcinsu ba ya sauya sharuɗɗan takarda. Hasali ma, a dokar inshora ta 2003, ejan da ya taya ka cike fom ana ɗaukarsa wakilinka ne a wannan aikin. An yi sabuwar doka a 2025, don haka sai an duba ranar da ka saya.

Ƙofa ɗaya da nake hangowa ita ce idan kana da shaida, kamar saƙon WhatsApp ko wanda ya ji alkawarin, kuma ejan ɗin na kamfanin ne mai lasisi. Nan ana iya maganar yaudara. Ko da haka, ban yi maka alkawarin kuɗin gyara ba. Wataƙila iyakarta a mayar maka da abin da ka biya.

Kafin komai, duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya, ka tabbatar takardar ba ta jabu ba ce. Sanar da kamfanin hatsarin a rubuce, da rahoton 'yan sanda da hotuna, domin takardar kan ƙayyade kwanakin sanarwa. Kada ka amsa laifi ko ka biya mai ɗaya motar kafin kamfanin ya sani, kamfanoni sukan fake da wannan su ƙi biyansa.

Kan ejan ɗin, rubuta wa kamfanin koke, in sun yi shiru ka kai sashen koke-koke na NAICOM. Kotu na nan, sai dai kuɗin lauya da ɗage-ɗagen zama na iya zarce kuɗin bakanike. Nemi zaman sulhu tukuna, ka je da rasit da saƙonninku.