Zauren Baba: Tallafin Mai, Bashi da Hutun Yara

Wasiƙun wannan wata yawanci faɗa ne a kan tsadar rayuwa, sai wasu masu neman inda za su kai yara hutun ƙarshen shekara. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Baba, barka da war haka. Kuna cikin dattawan da suka daɗe suna cewa a cire tallafin man fetur. To ga shi an cire. Ni direban tasi ne, yanzu kuɗin mai kaɗai ke cinye cinikin yini. Har yanzu kuna kan bakanku, ko kunya ce ta hana ku janyewa? (Wani direba daga Zariya)

AMSA: Ɗana, ina kan bakana, kuma ban ji haushin tambayarka ba. Mai tsayuwa a gidan mai ya fi mai riƙe da alƙalami sanin zafin abin.

A shekarar 2022 kaɗai tallafin nan ya laƙume sama da naira tiriliyan 4, kuma ba wasu kuɗi ne da ke ajiye a baitulmali ba. Rance ne. Gwamnatin Buhari ta yi ta karɓa daga Babban Banki har ya kai tiriliyan 22.7, Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango a watan Mayun 2023. Idan banki ya ƙirƙiro kuɗin da babu masara ko yadin da aka ƙara samarwa a bayansu, kai ne za ka biya a wajen mai awo. Ka sha mai da rahusa, ka biya cikon a kwanon gero ba tare da ka sani ba.

Sannan wa ya fi morar abin? Mai motoci biyar a gida. Manomin Giwa ko Soba bai taɓa ganin mai a farashin gwamnati ba, a wajen 'yan bumburutu yake saya. Wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙwanni, ya ga kwalaben fetur jere a bakin titi. Namu ne, da bashinmu aka rage musu kuɗinsa. Shi ya sa a zaɓen 2023 Tinubu da Atiku da Obi duk suka yi alkawarin cirewa. Da ma a Janairun 2012 Jonathan ya gwada, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga ya dawo da ita 97, kuma wasu da suka fi kowa ɗaga murya a lokacin su ne ke riƙe da mulki yau. Allah Ya ba mu tsawon rai mu ga abubuwa.

Inda na raba gari da gwamnati shi ne yadda aka yi abin, da abin da ya biyo baya. Tinubu ya sanar da cire tallafin a jawabin rantsuwarsa ranar 29 ga Mayun 2023, babu motocin sufuri da aka tanada, babu komai a ƙasa. Bayan kamar mako biyu aka saki naira ta nemi farashinta. Mafi ƙarancin albashi na 70,000 bai zo ba sai Yulin 2024, lokacin da buhun shinkafa ya wuce haka a kasuwanni da yawa. Ana cikin wannan hali aka naɗa ministoci sama da 40, aka sayo wa 'yan majalisa manyan motoci, aka sayo wa shugaban ƙasa sabon jirgi. Rahoton Oronsaye da ya ce a haɗe hukumomin da ke aiki iri ɗaya yana nan tun 2012. Magidancin da ya ce wa iyali a rage tuwo saboda babu, shi kuma aka gan shi wajen mai tsire da daddare, kada ya yi mamaki idan gidan ya daina jin maganarsa.

Kuɗin da aka daina zubawa a tallafi ba ɓacewa suka yi ba. Rabon wata-wata na jihohi ya ƙaru sosai. Kai da 'yan ƙungiyarku ta direbobi ku tambayi gwamna da ciyaman ina suke shiga. Maganar juya mota ta koma iskar gas kuwa, ka fara tabbatar da akwai inda za ka riƙa sha a hanyar da kake bi kafin ka ba makanike ko sisi.

TAMBAYA: Baba, kullum kuna sukar cin bashi. Ai Amurka ta fi kowace ƙasa bashi, kuma ga ta nan a gaba. (Wata ɗaliba daga Kano)

AMSA: 'Yata, Amurka da dalarta take rance, ita ke buga ta. Mu da dalar wani muke rantowa, mu tara haraji da naira. Duk ranar da naira ta faɗi, bashin ya kumbura ba tare da an ƙara mana ko kwabo ba. A 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, ƙasashen ƙungiyar Paris masu binmu bashi suka yafe mana dala biliyan 18, muka biya kimanin biliyan 12 muka fita. Ba a yi shekara 20 ba muka koma ciki tsundum. Ban ƙi a ranto a shimfiɗa layin dogo ko a gina madatsar ruwa ba, idan aikin zai dawo da kuɗinsa. Rance don biyan albashi da shirya taruka ne nake ƙi, domin ke da 'ya'yanki za a miƙa wa takardar biya.

TAMBAYA: Baba, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Da duk Disamba nakan kai iyali Dubai ko Alƙahira. Bana lissafin ya ƙi fita. Uwargida ta ce idan muka zauna mutane za su ce na karye. Ina tunanin sayar da wani fili da nake da shi. Me kuka gani? (Alhaji daga Kano)

AMSA: Alhaji, kada ka taɓa filin nan. Fili na haihuwa, tikitin jirgi ba ya haihuwa.

Bari in tuna maka abin da ya sa tafiyar ta zo da sauƙi a da. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, a wajen 'yan canjin Wapa kuma kusan 750. Matafiyi kan je banki da fasfo da tikiti a ba shi guzurin tafiya har dala 4,000 a farashin gwamnati. Wancan gibin wa ke cike shi? Ƙasa. Ke nan mai tura baro a Kwari yana cikin masu biya maka wani ɓangare na otal ɗinka a Dubai. A farkon 2024 dala ta haura 1,500, gaskiyar kuɗin tafiyar ta fito. Ba karyewa ka yi ba, rangwamen ne aka janye.

Ka kai su Yankari. Daga Kano ku bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ku kwana Bauchi. Da safe ku fara tsayawa a kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ku yi masa addu'a. Ka sa yara su kalli 'yan kayayyakin da Firayim Ministan ƙasa guda ya bari a duniya bayan kashe shi a Janairun 1966. Ba sai ka yi musu wa'azi ba, su gani da idonsu. Daga nan ku ɗauki hanyar Gombe, ku karkata a Dindima, ku shiga ta ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masauki akwai tafiyar kilomita 40 da wani abu a cikin daji, kada direba ya yi gudu.

An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,200. Disamba zuwa Afrilu ne lokacinsa, domin ciyawa ta bushe, dabbobi na gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Ku shiga motar zagaya da sassafe ko da la'asar. Za ku iya cin karo da ɓauna, gwanki, gwambaza, ko dorina a cikin ruwa. Giwa rabo ce. Suna nan, amma daji ne ba gidan zu ba, kada ka yi wa yara alkawarin abin da ba ya hannunka.

Abin da babu fashi shi ne ruwan Wikki. Ana sauka da matakala zuwa wani kwari, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garau, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. A cikin hunturu, da safe, har tururi yake. Don Hajiya da 'yan mata ku sauka bayan asuba kafin jama'a su taru, kuma in da hali ku guji ranakun da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, wurin cika yake. Ku kama ɗaki tun kafin ku taso.

Ku yi hattara da gwaggon biri. A tsakiyar masauki suke yawo tare da gadu, ba sa tsoron kowa. A gabana wani ya fizge ledar burodi daga hannun wata baiwar Allah, ya hau rufin ɗaki ya zauna, ya yage ledar a tsanake yana ci yana kallonta. Ku kulle ƙofa da taga, kada yaro ya fita da abinci a hannu.

Tafiyar rana kawai za ku yi, kuma ka tambayi direbobin tasha halin hanya kwana ɗaya kafin tashi, sun fi rediyo sani. Ita kuwa Hajiya, a gaishe ta, a ce Baba ya ce masu cewa an karye ba za su kawo gudunmawa ba ranar da aka nemi filin aka rasa.

TAMBAYA: Baba, ni malamin firamare ne, ko Yankarin ta fi ƙarfina. Yara huɗu gare ni. (Malam daga Katsina)

AMSA: Malam, kai da ke zaune a tsakiyar tarihi? Ka fara da hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, kuɗin Keke Napep kaɗai za ka kashe. Wata ranar ku shiga motar Daura, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Ku je rijiyar Kusugu, a ba su labarin macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya sare kan macijin, su leƙa rijiyar da kansu. In akwai sauran lokaci, kaburburan Durɓi Takusheyi suna ƙasar Mani, ba su da nisa da hanya. Maiɗakinka ta yi dambu da zoɓo tun a gida, kada ku sayi komai a tasha sai ruwa. Sauran hutun kuma ka tura manyan biyun ƙauye wajen kakanninsu, lokacin sussuka ne, ana buƙatar hannu.