Kwamitinmu ya koma 'yan amshin shata, ina mafita?

Tambaya: Ni ce sakatariyar kwamitin gudanarwa na wata makaranta mai zaman kanta a Kubwa, Abuja. Mu 9 ne. Duk abin da shugaba ya fara furtawa shi ake zartarwa, sai an fito waje kowa ya hau guna-guni. Ta haka muka sayi motar ɗaukar ɗalibai da ta fi ƙarfin asusunmu.

Amsa: Malama, mambobinku ba basira suka rasa ba, tsarin zaman ne yake ɗaure musu baki. A 1951 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya gwada mutane a Amurka da tambaya mai sauƙi, kwatanta tsawon layuka a kan kati. Kusan uku cikin huɗu sun bi amsar jama'a ko da sau ɗaya, alhali idonsu na ganin kuskure ce. Da aka samu mutum ɗaya tak ya saɓa wa jama'ar, sai bin sahun ya ragu ƙwarai. To balle mu, da kara da girmama na gaba suka ratsa jini.

Don haka rubutu ya riga magana. Ki aika takardun bayani kwana 7 kafin zama. A zauren, kafin kowa ya buɗe baki, ki raba 'yan takardu, kowa ya rubuta matsayinsa da dalili ɗaya cikin minti 5, ba tare da suna ba. Ki karanta su duka a fili. Sannan a yi magana daga ƙarami zuwa babba, shugaba a ƙarshe. Nan ne ake samun cikas, don wani shugaban zai ɗauka raini ne. Ki same shi shi kaɗai tun kafin zama, ki nuna masa cewa hukuncin da aka yanke haka ba a ɗora wa mutum ɗaya laifinsa.

Ki kula da adadin farko da aka ambata, turke ne. Mu ɗauki sayen motar a matsayin misali, kamar ba a riga an saya ba: da zarar wani ya ce naira miliyan 40, sauran muhawarar za ta yi ta kewaya 35 da 45, babu mai tambayar ko ana ma buƙatar motar. Kowa ya rubuta ƙiyasinsa tukuna, kuma a kawo zaɓi aƙalla 3, har da haya da fasa sayen.

Kafin ƙuri'a, ku ware minti 10 ga dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya yaɗa a 2007. Ki ce: "Mu ɗauka shekara ta zagayo, motar ta zame mana ƙarfen ƙafa. Me ya jawo?" Kowa ya rubuta. Mai jin nauyin suka yakan saki jiki a nan, tunda aiki aka ba shi. Sai ki ga man fetur, kayan gyara da albashin direba sun fito fili.

Wanda yake da alaƙa da dillalin motar kuma ya bayyana, ya fita kafin a kaɗa ƙuri'a, ki rubuta hakan a bayanin zama.