Ɗan watan da ke cikin zoben Zuhal, da masu sayar da abin kyauta

Malam, ɗana yana aji biyu a babbar sakandare. Tunda ya ga hoton wani ɗan wata mai suna Pan a zoben duniyar Zuhal, ba shi da zance sai nasa. Ya ce in saya masa kwamfuta ya sa wata manhaja wai ita Orbiter, ya tuƙa kumbo zuwa can. Na ɗauki adashe, amma gabana faɗuwa yake yi, kada ya zama caca ce. Daga wata uwa a Kazaure.

Hajiya, kwantar da hankalinki, babu caca a ciki. Orbiter manhaja ce ta koyon tuƙa kumbo da wani masani a Landan, Martin Schweiger, ya fitar tun shekarar 2000, kuma kyauta ce. Ba a harbi a cikinta, ba a cin kuɗi. Lissafi ne zalla: man da ya rage, gudun kumbo, da lokacin da za a kunna inji. Yaron da ya jure mata, darasin fiziks ba zai ba shi tsoro ba.

Pan ɗin ma gaskiya ne. Faɗinsa bai kai kilomita 40 ba, yana zagaya Zuhal cikin kusan awa 14, a wani giɓi na zoben da ake kira Encke, kuma shi ne yake share giɓin. Mark Showalter ya gano shi a 1990 cikin tsofaffin hotunan kumbon Voyager 2, sai a 2017 kumbon Cassini ya ɗauko shi kusa-kusa, aka ga tudun da ya ɗaure masa ƙugu ƙarara. Ki gaya wa yaron ƙarfin jansa kaɗan ne ƙwarai, tura kaɗan ta isa ta raba kumbo da shi, saboda haka a hankali ake matsawa.

Sai dai kada adashen ya tafi duka. Kwamfuta ta hannu mai Windows ta isa. Ki haɗa shi da wanda ya san kan abin, su kunna ta a shagon, su cire caja su ga minti nawa batirin zai riƙe, don kin san halin wuta a wajenmu. Kuma ya bar manyan hotunan doron duniyoyi da ake saukewa daban, cin data gare su kamar gara.

Na ba mai turi naira dubu uku ya sa min Kerbal Space Program a wayata, har da duniya mai zobe. Talla kawai take buɗowa, wayar kuma ta koma zafi. Wanne zan sake saya? Daga wani matashi a Gumel.

Ba za ka sake sayen komai ba sai ka goge wancan. Kerbal Space Program ba a yi shi don waya ba, na kwamfuta ne da na'urorin wasa na talabijin. Duniya mai zobe ma babu ita a ainihin wasan. Masu sha'awa ne suka ƙera ƙari mai suna Outer Planets Mod, suka sa wata duniya Sarnus da ƙananan watanninta, suka sake shi kyauta. Ka ga an sayar maka da ƙarya biyu a kuɗi ɗaya.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai tsaya a kasuwar Maigatari ya buɗe bakin akuya ya duba haƙora, ya yi ciniki har rana ta take, amma ya miƙa wayarsa ga wanda bai sani ba ya ce a zuba masa duk abin da ya samu. A wayar nan manhajar bankinka take. A cikinta kuɗin riɗinka na bana suke kwana. Fayil ɗin da aka ce an fasa shi don ya zama kyauta, wanda ya fasa ai ba don Allah ya yi ba. Da ka sa shi zai nemi izinin karanta saƙonninka, ka danna amincewa ba ka karanta ba, alhali ta saƙon nan banki yake turo lambar sirri. Wasan kumbo me ya haɗa shi da saƙonninka, ko da lambobin mutanenka?

Ba duka masu turi nake zargi ba, da yawa su ma ba su san abin da suka kwafo ba. Amma rashin saninsu ba zai dawo maka da ko sisi ba. Abin takaicin, na gaskiyar kyauta suke. Manhajar kallon sararin samaniya Celestia kyauta ce, tana nan a Play Store, za ta kai ka gaban watannin Zuhal, irin su Mimas ka ga ƙaton raminsa, ko Enceladus mai faɗin kusan kilomita 500, wanda Cassini ya gano a 2005 yana feso ruwa da ƙanƙara daga kudancinsa. In harhaɗa roka kake so, akwai Spaceflight Simulator, ana farawa kyauta, kada ka biya kuɗin ƙari sai ka gaji da na kyautar. Ka goge wancan yau, ka canja lambar sirrin bankinka, ka duba ko an taɓa asusun.

Na ga ana tallan fili a ɗaya daga cikin watannin duniyar Zuhal a Facebook, har da takardar shaida. In saya? Daga Wudil.

Haba dai! Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana ko da ƙasa mallakar wata, balle mai talla. In fili kake so, ga dagacinku nan.

Ina koyarwa a firamare. Ina son madubin hangen nesa in nuna wa yara Pan da suka gani a kwamfuta. Na ga wanda aka rubuta yana ninka abu sau 600. Daga Ringim.

Malam, Allah ya saka da alheri, amma Pan ba zai ganu ba. Zoben Zuhal da babban watanta Titan su za ku gani, kuma ninki 30 zuwa 50 ya isa a gane zoben. Lambar da ke jikin kwali ka manta da ita, faɗin gilashin gaba za ka tambaya. Mai milimita 70 da ƙyar yake wuce ninki 140 ba tare da hoton ya dagule ba. Ka girgiza ƙafafunsa a shagon, in suna rawa ka ajiye. A Maris 2025 zoben ya juya mana gefensa, a hankali yake sake buɗewa, don haka kada yara su sa ran irin na hoto. Ka nemi daren da babu hazo, ka duba manhajar taurari ta Stellarium ta nuna maka inda Zuhal take kafin ka tara su.