Muryar Anti a gurup kan kaktus ɗin amarya

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Amarya, na saurari muryarki, na kuma ga hotunan da kika turo. Kin ce kaktus ɗinki ya yi laushi daga gindi, alobera kuma ganyenta ya koma ruwan ɗorawa yana zubewa, kina tambayar wane taki za ki saya, NPK ko na ruwa. To ki ajiye kuɗinki, ba yunwa ke damunsu ba. Ruwa ne ya yi musu yawa. Tun ba ki faɗa ba na san kullum da safe kike ba su, don ƙasar da na gani a hoton baƙa ce wuluk, ta jiƙe sharkaf. In kika ƙara musu taki a wannan halin, ƙarasa su za ki yi.

Yanzu, kafin ki gama jin muryar nan, ɗaga tukunyar ki leƙa gindinta. Akwai huda? Na tabbata babu. Irin farar tangaran ɗin nan mai ƙyalli ai na san ta. Kuma wallahi wannan abu na masu fulawa shi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai ɗauko tsiron da a busasshen wuri Allah ya halicce shi, ya dasa shi cikin laka da takin shanu, a tukunyar da ba ta da mafitar ruwa, ya zuba duwatsu masu launi a sama, ya ce miki "Hajiya wannan ba ya mutuwa, ki sa a falo". Ba ya mutuwa ina? Akwai wani da na je wurinsa, ba zan faɗi unguwar ba, ya nuna mini kaktus da fure ja ɗaram a kansa. Na taɓa furen, ashe busasshe ne, da gam aka manna. Na ce malam ka ji tsoron Allah, ya ce ai haka aka kawo musu. To haka aka kawo muku sai ku yi shiru ku karɓi kuɗin mutane? Ga gam ɗin ya ƙona fatar tsiron, tabon yana nan har abada. Kuma mata su saya, ya mutu, su dawo suna cewa hannunsu ne ba ya karɓar shuka, su sake sayen wani. Shi kuwa kasuwa ta buɗe masa. Abin yana ɓata mini rai sosai.

To, bari in dawo kanki. Dalilin da ya sa ba sa son ruwa kullum, su waɗannan da rana rufe 'yan ƙofofin numfashinsu suke, sai dare ya yi su buɗe, don haka ruwan da ke fita daga jikinsu kaɗan ne, sauran suna ajiye shi a ganye ko a jiki. In ƙasa ta zauna a jiƙe, saiwa ba ta samun iska, sai ta ruɓe. Da ta ruɓe tsiron ba ya iya shan ruwa, sai ya yi yaushi, ke kuma ki ga yaushi ki ce ƙishi ne, ki ƙara. Kin ga inda matsalar take.

Abin da za ki yi, gobe da safe ki zazzage shi daga tukunyar gaba ɗaya. Karkaɗe ƙasar, ki shinshina. In kin ji wari, ruɓa ce. Ki naɗe kaktus ɗin da jarida ko kwali saboda ƙaya, ki samu wuƙa mai kaifi ki goge ta da sifirit, ki yanke sama da wurin da ya yi laushi. Sai ki duba fuskar yankan. In kin ga ɗigo ruwan ƙasa a tsakiya, ko ƙarami ne, goge wuƙar ki sake yankawa sama, har sai kin ga tsokar fes, kore-kore mai haske. Kada ki ji tausayi a nan, ko rabinsa ne ya tafi ba komai. Sannan ki ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba ƙasa ba ruwa, sati ɗaya, in mai kauri ne har biyu, sai wurin ya bushe ya yi ɓawo. Alobera kwana 2 ko 3 ya ishe ta, ki cire ruɓaɓɓun saiwoyin da ganyen ƙasa kawai.

Tukunya kuma ki je wurin masu tukwane ki sayi ta ƙasa, ki sa a huda miki gindin. Ita tana shan iska ta jikinta, ƙasa tana saurin bushewa. Kada wata ta ce miki a zuba tsakuwa a ƙasan tukunya ya wadatar, ruwan yana nan kwance bai je ko'ina ba. Haɗin ƙasar, yashin kogi mai tsakuwa, ki tankaɗe da rariya ki zubar da laushin ki riƙe mai tsakin, shi ne rabi. Ki farfasa jan bulo ko gawayi ki ƙara, sai ƙasar lambu kamar kashi ɗaya cikin uku. In kin damƙa a hannu da ɗan danshi kika buɗe, ya warwatse. In ya dunƙule, ƙara yashi. Bayan kin dasa, sati guda kada ki ba shi ko ɗigo.

Ban ruwa, da bazara sati-sati, da hunturu sati biyu zuwa uku… a'a, tsaya, kada ma ki riƙe lissafin kwana, don gidanki da gidana ba ɗaya ba ne. Tsinken tsire za ki samu, ki soka har ƙasan tukunya ki zaro. Ya fito da danshi, ki haƙura. Ya fito a bushe, ki zuba ruwa sosai har ya fito ta hudar, ki zubar da na farantin. Damina kuwa, musamman watan Agusta, ki janye su ƙarƙashin rumfa, kada ki bar su bakin indararo.

Sai haske. Kan tebur a falo bayan labule ba wurinsu ba ne, shi ya sa kan kaktus ɗin ya tsuke ya yi tsini fari-fari, rana yake nema. Amma kada ki ɗauke shi yau ki kai tsakar gida, ranar Afrilu za ta toya shi. Ki fara da wurin da hantsi ke taɓawa, a hankali kina ƙara masa.

Mai jan kai ɗin nan na hoto na uku, gaskiya kada ki sa masa rai da yawa. Tsiro biyu ne aka yi wa aure, irin yadda ake yi wa mangwaro, yawanci daga Koriya ta Kudu ake fitar da su. Jan na sama ba shi da koren da zai haɗa abinci, na ƙasan ke ciyar da shi, 'yan shekaru kaɗan suke yi ko a hannun gwani. Kuma na ga farin abu kamar auduga a mahaɗarsu, ƙwari ne, jininsa suke tsotsa. Tsoma auduga a sifirit ki goge su, ki raba shi da sauran, ki kuma kori tururuwa, don su ke yawo da su.

Wai wata ta ce dogon nan na bayan ƙofarki ma kaktus ne. A'a. Kaktus na ainihi daga nahiyar Amurka ya fito, su Meziko. Wancan dangin ƙerana ne, irin wanda ake shinge da shi a wajen Jos. In kin karce shi farin nono zai fito, kuma in ya shiga ido bala'i ne, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Ki ɗauke shi daga inda yara ke wasa. Zancen shukar kariya, mai kaurin gindin nan, da Hajiya ta tambaya kan zubar ganyenta kuwa, ita da sanyi zubar da ganye take, lafiyarta ƙalau, amma wannan sai wani lokaci, an kira magariba. Amarya, in kin yanka ki turo mini hoton fuskar yankan kafin ki dasa, kuma da rana za ki ɗauka, ba da fitilar waya ba.