Amsa: Shin darasin renon yara na sakandare a Amurka yana kai ɗalibi ga aiki?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace ki bar 'yarki ta shiga sashen koyon sana'a na makarantarsu a Amurka, wanda ake kira CTE, ɓangaren kula da ƙananan yara. Shawarata ita ce ki bar ta, amma ki fara tambayar makarantar ko karatun yana kaiwa ga takardar shaida ta CDA, wato shaidar ƙwarewa a kan kula da ƙananan yara, domin a nan ne amfaninsa yake.

Wannan takarda tana buƙatar awa 120 na karatu a kan girman yaro, lafiyarsa, tsaronsa da hulɗa da iyaye, sai kuma awa 480 na aiki da yara kai tsaye, sannan a haɗa kundin ayyuka, a zauna jarrabawa, kuma wani ƙwararre ya zo ya ga yadda ɗalibar take tafiyar da aji. Awannin aikin su ne suka fi muhimmanci a ganina, saboda yarinyar da ta wuni tana lallashin ɗan shekara uku mai kuka za ta gane da wuri ko zuciyarta tana son wannan sana'a. Da takardar a hannu, tana iya neman aikin mataimakiyar malama a gidajen renon yara ko a shirin Head Start, wato shirin gwamnatin Amurka na karatun ƙananan yaran iyalai masu ƙaramin ƙarfi, wanda aka fara tun 1965.

Ba zan ɓoye miki ba, albashin wannan fanni ba shi da yawa, abin da yake damuna ƙwarai. Saboda haka ki tambaya ko wata kwaleji a jiharku tana lissafa darussan cikin karatun digiri, domin ta ci gaba bayan sakandare.