Amsa ga mai son bin diddigin shari'ar kashe-kashe

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu daga Anka ya tambayi yadda mutum zai fara halartar kotu yana rubuta abin da ke gudana idan aka gurfanar da waɗanda ake zargi da kisa da ƙona ƙauyuka, da kuma ko zai iya ɗaukar murya da waya. Na yi shekaru ina wannan aiki a kotunan Gusau, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Maganar waya gajera ce: kada ka ɗauki murya ko hoto sai da izinin alƙali, littafi da biro sun ishe ka. Shiga kotu kuwa ba alfarma ba ce, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, sai fa in an rufe ta saboda dalilai irin su tsaro, kamar zagayen farko na shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji cikin Oktoban 2017.

Abin da ya fi wuya, malam, shi ne ka raba alƙalaminka da zuciyarka. Za ka zauna kana kallon mutumin da aka ce shi ya jagoranci harin da ya cinye dangin maƙwabcinka, amma dole ka rubuta shi da "wanda ake tuhuma", ka kuma rubuta ko yana da lauya, ko an ba shi tafinta idan Fulatanci kaɗai yake ji, da tsawon zamansa a tsare kafin a kawo shi. Duk ranar da aka ɗage zama ka rubuta dalili da wanda ya nema, ko da zaman bai wuce minti biyar ba, domin a ganina yawancin irin waɗannan ƙararraki a wajen ɗagewa suke mutuwa, ba a wajen hukunci ba. Ga misalin amfanin adana rubutu ko da shari'a ta yi jinkiri: Hissène Habré ya bar mulkin Chadi a 1990, sai a 2016 kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma cikin abin da ya kama shi har da takardun 'yan sandansa na sirri da aka tsinta a 2001, da bayanan da tsofaffin fursunoninsa suka adana.

Na taɓa yin kuskuren da har yau nake nadamarsa. Na sa sunan wata shaida da na ƙauyensu a rahoto, takardar ta yi ta yawo hannu da hannu, ƙarshe sai da matar ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin. Tun daga ranar lamba nake ba shaidu, ainihin sunayen kuma suna wani littafi dabam da ba ya fita daga gidana.

Ka fara da zuwa wurin magatakardan kotu ka gabatar da kanka, ka karɓi lambar ƙara da ranar zama na gaba.