Zan fara yi wa mutane girki a gidajensu: wace rajista da inshora nake buƙata?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Shekara uku ke nan ina yin abincin biki da suna a Kaduna. Yanzu wasu gidaje sun nemi in riƙa zuwa kicin ɗinsu ina yi musu girki sau biyu a mako, su biya ni a ƙarshen wata. Wata ƙawata ta ce sai na yi rajista da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wata kuma ta ce CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ta wadatar. Wanne ne daidai? Kuma inshora dole ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a nema.

Mu fara sallamar NAFDAC, don ita ce mai sauƙi. Lambar rajistarta ta kayan da aka sarrafa aka ƙulle don sayarwa ce. Tuwon da kika tuƙa a tukunyar masu gida ba ya buƙatar lamba. Amma ranar da kika fara ɗura yaji ko zoɓo a roba, kika manna sunanki kika kai shago, kin shiga hurumin hukumar.

Batun CAC kuwa, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce mai kasuwanci da ainihin sunansa, ba ƙari, ba sai ya yi rajista ba. Da zarar kin laƙaba wa sana'ar wani suna, kina da kwana 28 ki yi masa rajista. Ni dai ina ba da shawarar a yi, ko don buɗe asusun banki da sunan sana'a. Sai dai ki lura, rajistar suna ba ta raba ki da sana'ar a idon doka. In aka kai ƙara aka ci ki tara ko diyya, har kuɗin adashinki ana iya bi. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ne ke gina katanga tsakanin dukiyarki da ta sana'a, kuma tun 2020 mutum ɗaya na iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ko da shi ɗin ma, sakacin da kika yi da hannunki yana iya dawowa kanki.

Abin da ƙawayen naki suka manta shi ne gwajin lafiyar masu taɓa abinci. Kundin tsarin mulki na 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da wuraren sayar da abinci, don haka ki je sakatariya ki nemi ofishin duba-gari, su faɗa miki asibitin da suke karɓar takardarsa. Galibi ana duba taifot, tarin fuka da ciwon hanta, a sabunta duk wata shida. Yarinyar da ke taya ki yankan albasa ma sai ta yi.

Yanzu inshora. Doka ba ta tilasta miki inshorar girki ba, amma a nan ne nake so ki tsaya ki yi nazari. A wurin biki kayanki ne, murhunki ne. A gidan mutane komai na wani ne. Ki sauke tukunya mai zafi a kan dutsen kantar kicin ya tsage, ko tiyon gas ya yi yoyo labule ya kama. Ko ki barbaɗa yajin ƙuli a kan nama alhali akwai yaron da gyaɗa ke toshe wa numfashi, ba wanda ya gaya miki. Ana cikin mutunci da gaisuwa, sai ki ji an ce lauya zai kira ki.

Ki nemi inshorar da ke biyan diyyar rauni ko ɓarnar da aikinki ya jawo wa wasu. Kafin ki sa hannu, ki sa a nuna miki layin da ya ce ta haɗa da cutar da abinci ya haifar, da aikin da aka yi a gidan wani, domin wasu takardun adireshi ɗaya kawai suke rufewa. Ki tabbatar kamfanin na da lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, kuma ki biya kafin ki fara aiki: a ƙa'idar Najeriya, in ba a biya ba, babu kariya. In zuciyarki ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi, ki tambaye su ko suna da irin wannan.

In kin ɗauki ma'aikata, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora miki biyan kashi 1 cikin 100 na albashinsu ga asusun NSITF mai biyan diyyar raunin aiki, saboda irin ranar da mai ya fallatsa wa wata a hannu.

Sannan kowane gida ku rubuta yarjejeniya, ko shafi ɗaya ne: wa ke cefane, nawa ne kuɗin, yaushe ake biya, wane abinci ne wani a gidan ba ya ci, wa ke da alhakin gyaran gas da firiji. Ki ƙara da cewa abincin da kika bari a kula ko firiji, daga lokacin da kika fita, adana shi na wuyansu. Uwargida ta sa hannu, ki ɗauki hoton takardar a wayarki.